Gidajen tarihin Landan da ake shiga kyauta: abin da na gani da kuma shawarata ga mai zuwa da yara

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Landan, ko karatu ko ziyarar 'yan uwa ko duba lafiya, don Allah kar ya ƙare zamansa a shagunan Oxford Street kawai. Garin nan tsada ce da shi, wannan kowa ya sani, ruwan roba ma sai ka lissafa shi da naira kafin ka saya, amma akwai abu guda da suka bari kyauta kuma wallahi ya fi abubuwa da yawa da ake biya wa kuɗi, wato manyan gidajen tarihinsu. Ni da maiɗakina da yara muka zaga wasu daga ciki, ga kuma yadda na same su.

Da farko dai kyautar gaskiya ce, ba irin wadda za a ce maka kyauta sai ka isa ƙofa a miƙo maka hannu ba. Tun Disambar 2001 gwamnatinsu ta cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa. Za ka ga akwatin gudummawa a bakin ƙofa, wani lokaci ma'aikaci ya tambaye ka ko za ka ba da wani abu, in ka ce a'a shi ke nan, babu mai ɓata maka rai. Sai dai ka shiga intanet ka yanki tikitin kyauta tun kana gida, ka zaɓi lokacin da za ka zo, su turo maka a waya. Wannan shi zai raba ka da dogon layi, musamman ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutun makaranta.

Guda uku suna wuri ɗaya a unguwar South Kensington, kan titin Exhibition Road: gidan tarihin halittu wato Natural History Museum, da na kimiyya wato Science Museum, sai V&A na kayan fasaha da ƙira. Jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka hau ka sauka a tashar South Kensington, daga cikin tashar akwai wata doguwar hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da za ta kai ka har kusa da ƙofofinsu, ko ruwa ake yi ba za ka jiƙe sosai ba. Kuma yaran da ba su kai shekara 11 ba ba a biya musu kuɗin jirgi in suna tare da babba, wannan ya rage mana nauyi ƙwarai.

Na halittun shi ya fi tafiya da hankalin yarana. Ginin kansa abin kallo ne, tun 1881 aka buɗe shi, jikin bangon duk an sassaƙa tsuntsaye da birai da ganyaye. Kana shiga babban zauren sai ka ɗaga kai ka ga ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar teku a rataye a sama, irin wadda ake kira wel, tsawonta ya ɗan haura mita 25, bakinta a buɗe kamar za ta sauko kanka. A 1891 ta maƙale a gaɓar tekun Ireland ta mutu, a 2017 suka rataye ta a wurin suka sa mata suna Hope. Mutane da yawa suna ce mata kifi amma ba kifi ba ce, haihuwa take yi tana shayarwa kuma iska take shaƙa. Na daɗe a tsaye ina ta Subhanallah, don karanta girman abu a littafi daban, tsayuwa a ƙarƙashinsa daban, kuma wai wannan halitta mafi girma a duniya abincinta wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne da ba su wuce ɗan yatsa ba. Autanmu kuwa ɓangaren dainoso, wato manyan dabbobin da suka ɓace daga duniya tun zamanin da, ya nace wa, akwai wani na inji da yake motsi yana gurnani, da ya fara ganinsa ya ruƙunƙume ƙafar uwarsa, can kuma da ya saba sai ya ƙi tafiya. A ɗaya gefen ginin akwai matakala mai tafiya da kanta da ke ratsa cikin wata ƙatuwar siffar duniya ta kai ka sama ɓangaren duwatsu masu aman wuta da girgizar ƙasa, a nan suka gina wani ɗan kanti irin na Japan, ka tsaya a ciki sai ƙasa ta fara jijjiga, suna kwaikwayon girgizar ƙasar da aka yi a birnin Kobe a 1995. Mu da ba mu san girgizar ƙasa ba sai a labarai, 'yan daƙiƙun nan sun isa su sa ka gode wa Allah.

Na kimiyyar yana maƙwabtaka da shi, 'yan taku kaɗan ne. Ni nan ne nawa. Akwai ainihin kumbon Apollo 10 da ya ɗauki mutum uku ya zaga wata ya dawo da su a watan Mayun 1969, wata biyu kafin a taka wata, gindinsa duk ya ƙone saboda zafin shigowa sararin duniya, kuma abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantarsa, bai fi cikin ƙaramar mota ba, a ce manya uku sun yi kwana 8 a ciki. Akwai ɗan guntun dutsen da aka ɗebo daga wata, akwai kumbon Soyuz da ya dawo da ɗan sama jannatin Birtaniya Tim Peake a 2016. A ƙasa kuma ga manyan injinan tururi, da Puffing Billy, kan jirgin ƙasa mai tururi mafi tsufa da ya rage a duniya, na wajen 1814. Babbar 'yata da take son karatun likita ita a ɓangaren magunguna ta ɓata lokacinta, an buɗe shi a 2019, yana da faɗi sosai, tana ta kallon tsofaffin kayan tiyata na zamanin da babu allurar kashe zafi, ta fito tana ta tambayoyi har muka isa gida. Amma a sani, ba komai ne kyauta a ciki ba. Wonderlab, inda yara ke taɓa abubuwa su yi gwaji da hannunsu, biya ake yi, haka siniman IMAX, haka nune-nune na musamman da ake kawowa na ɗan lokaci a duk gidajen. Mu ba mu biya ko ɗaya ba kuma ba mu ji mun yi asara ba, don na kyautar ma ba mu gama shi ba.

V&A mun ɗan leƙa ne kawai saboda yara sun gaji. In ka shiga ka nemi zauren kayan ƙasashen Musulmi, akwai dardumar Ardabil ta Iran da aka saƙa wajen 1539, shimfiɗe cikin gilashi, ba sa barin fitila a kanta kullum don kar launinta ya koɗe, sai duk bayan rabin awa su kunna na minti 10. Ku jira a kunna, ya cancanci jiran.

British Museum kuma yana wani ɓangaren garin, kusa da tashar Holborn ko Tottenham Court Road, tun 1759 yake buɗe wa jama'a. Kowa dutsen Rosetta yake rububin gani, wanda aka rubuta saƙo ɗaya da rubutu iri uku a jikinsa, ta dalilinsa aka gano yadda ake karanta rubutun tsofaffin Misirawa a 1822. Cunkoso a gabansa ba a magana, da ƙyar za ka samu ka ɗauki hoto. A sama akwai gawarwakin Misirawa da aka naɗe, kuma bari in gyara wani abu da nake yawan ji, ba gawar Fir'auna ba ce a nan, gawarwakin manyan sarakunansu suna Alƙahira. Ni ban daɗe a ɗakin ba, raina bai kwanta da kallon mamaci a gilashi ana ta ɗaukarsa hoto ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai yana ƙasa, a zauren Afirka, inda aka jera tagullan Benin. Sojojin Birtaniya ne suka kwashe su daga fadar Oba, wato sarkin Benin da ke kudancin Najeriya, a 1897 bayan sun ci garin da yaƙi, kuma wannan gida kaɗai yana riƙe da sama da 900, kaɗan ne ma ake nunawa. Aikin hannun da ke jikinsu, fuskokin sarakuna da dogarai da kayan yaƙinsu, wallahi sai ka ji alfahari da ɓacin rai lokaci guda. Jamus ta fara mayar da nata a 2022, wani ƙaramin gidan tarihi a nan Landan mai suna Horniman shi ma ya miƙa wa Najeriya mallakar guda 72 a 2022 ɗin, su kuwa na British Museum suna kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana su fitar da kayan da ke hannunsu. Ra'ayina a fili yake, a mayar da su gida. Yaro a Benin ko Kano ko Zinder bai kamata sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya ga abin da kakannin ƙasarsa ko maƙwabtansa suka ƙera ba. Duk da haka ina cewa in kana garin ka je ka gani, ka kai yaranka, ka ba su labarin yadda aka yi kayan suka zo nan.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne abinci da shagunan tsaraba, don galibi sai ka bi ta gefen shago kafin ka fita, kuma yara sai sun ga abin da suke so. Ku dafo abincinku daga gida ku zo da gorar ruwa, na halittu da na kimiyya duk suna da wurin da aka ware don mai cin abin da ya kawo, hakan kuma ya raba ka da tunanin ko naman halal ne ko a'a. Ana duba jaka a ƙofa, to kar a ɗauko manyan akwatuna. Ƙarfe 10 na safe suke buɗewa, ku isa da wuri kafin ayarin 'yan makaranta su cika wurin. Kuma don Allah kar a ce za a haɗa biyu ko uku a yini ɗaya don kawai suna kusa da juna, ƙafa za ta gaji, yara su fara rigima, a ƙare ba a fahimci komai ba. Tunda ba biya ake yi ba, ku ɗauki ɗaya, ku zaɓi ɓangare biyu ko uku a cikinsa ku natsu a kansu, wata rana ku dawo. Mai ƙananan yara ya fara da na halittu, wanda nasa suka shiga sakandare ya fara da na kimiyya.