Tashar jirgin ƙasa ta Accra, a idon mai saro kaya a Kantamanto

Gwanjo nake sayarwa a Ashaiman, a Kantamanto kuma nake saro kaya, don haka duk ranar da jirgin Tema ke aiki shi nake bi. Abin da ya ɗaure ni da tashar Accra shi ne inda aka dasa ta. Nan layin ya ƙare, kana sauka kana cikin kasuwa: Kantamanto na jikinta, Makola kuma 'yar tafiya ce da ƙafa. Wanda ya taɓa zama cikin trotro, wato ƙaramar bas ta haya, a kan motowe da sassafe, ana tafiyar hawainiya har mahaɗar titin Tetteh Quarshie, ya san darajar wannan. Ni nakan iso ana yanka igiyar dila ta farko, kafin a tsince masu kyau.

Hanyar ma da daɗi. Wajen Sakumono jirgin na bin gaɓar teku, iska na shigowa, sai Nungua, Achimota, Odaw kusa da Circle, sannan tasha. Jiragen nan masu kai biyu a 2010 aka ƙaddamar da su, zamanin marigayi shugaban ƙasa Atta Mills. Dogon kuwa tsoho ne, irin siririn nan na zamanin Turawa, a tashar nan ne layin da ya kai Kumasi a 1923 ya faro. Iyayenmu sun ɗauko goro ta wannan hanya.

Cunkoso akwai shi, musamman da yamma. Masu talla sun shimfiɗa takalma da jakunkuna dab da dogo, direba na ta danna oda yana shigowa a hankali, su kuma suna janye tabarmi. Kullum sai gabana ya faɗi idan na ga yaro a wurin. Wata kayayo da ke ɗaukar mini dila takan ce, "Hajiya, riƙe gefen zanena," haka muke kutsawa har bakin tarago.

Shawarata ga mai kaya, ya ɗaure buhunsa tamau, ya zo da wuri, ya yi la'asar ɗinsa kafin shiga, domin jirgin yamma ba ya jiran kowa, in ya wuce sai trotro. Fatana a ƙara jirgin tsakar rana, saboda irinmu da ke gama sari tun da hantsi.