Sharhi: gyaran lasifikar kwamfuta da ramin abin kunne ya kashe

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi shiru, amma da ka sa abin kunne sai sauti ya fito sarai. A teburan gyara na nan Maradi, abu biyu ake yawan miƙo wa mai irin wannan matsala: sabuwar lasifika, ko ɗan adafta na USB mai ramuka biyu. Na gwada adaftan, na kuma kai aikin wurin wani mai gyara a gefen babbar kasuwa. Aikin mai gyaran ne ya biya buƙata.

Lasifikar ƙalau take. Cikin ramin nan mai faɗin milimita 3.5 akwai wani siririn harshen ƙarfe da ke motsawa idan kan abin kunne ya shiga. Motsin nasa ne ke gaya wa guntun sauti, wato ɗan chip da ke sarrafa sautin kwamfuta, wanda galibi na kamfanin Realtek ne, cewa a kashe lasifika a mai da sauti kunne. A tsarin HD Audio da Intel ta fitar a 2004, kowane rami da rezistansa, wato ɗan abin da ke rage gudun lantarki, mai awo daban da na sauran, da su guntun ke gane ramin da aka soka wa abu. In harshen ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta haɗu da laimar damina ta yi masa tsatsa, sai ya maƙale. Kwamfuta ta ci gaba da ɗauka abin kunne na ciki alhali ramin wayam yake. Abin kunne mai arha da kansa ya ɗan fi kauri shi ma yana buɗe harshen, haka nan wayar da ake fizga ta gefe.

Gane hakan ba wuya. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl. In ba komai a ramin amma ka ga Casque (abin kunne da Faransanci) da koren alama maimakon Haut-parleurs (lasifika), to ka kama ɓarawon. A tsofaffin MacBook ma jar wuta ce ke haskowa daga cikin ramin.

Adaftan USB ba laifi, sai dai ba abin da masu sayarwa ke faɗa ba ne. Katin sauti ne na daban, ba ruwansa da lasifikar ciki, kuma ba zai taɓa tayar da ita ba. Yana ba ka sauti a kunne ko a lasifikar waje, da ɗan tsaki a ƙasa-ƙasa idan an ƙure ƙara, ya kuma cinye maka ramin USB guda. Ga ɗalibin da lacca kawai yake saurare, ya isa. Ga mai son lasifikarsa ta dawo, asarar kuɗi ce.

Abin da ya burge ni a aikin mai gyaran shi ne bai fara da kwance kwamfutar ba. Ya kashe ta, ya cire caja, ya haska ramin da tocila don duba ko guntun kan abin kunne ya karye a ciki. Sannan ya jiƙa kan wani tsohon abin kunne da alkol na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ya soka ya zare kamar sau goma yana ɗan murzawa, ya bar shi ya bushe. In datti ne kawai, nan maganar ke ƙarewa. Kada a sa man keke ko turare, suna barin maiƙo da ke tara ƙura. Allura kuwa ƙara lanƙwasa harshen take yi.

Wankin bai yi ba, sai ya buɗe, ya fara zare wayar batir, ya ɗora mita a ƙafafun ramin. Ƙafar da ke gano an soka abu na haɗe da layin ƙasa (ground) ko da ramin ba komai, alamar harshen ya maƙale ke nan. Ya kuma auna lasifikar, ta nuna kusan om 4, lafiya lau. Wannan awon na minti biyu shi ne bambancin mai gyara da mai canza kaya.

A wasu kwamfutoci ramin na kan ƙaramin allon lantarki daban tare da USB, a kwance sukurori biyu ko uku a sauya. A wannan kuwa manne yake da babban allon lantarki (motherboard), sai da aka narkar da dalma ta amfani da ƙarfe mai zafin kusan digiri 350, aka ɗora wani ramin da aka ciro daga mataccen allo. Ƙafafun dole su yi daidai, domin rami mai layi uku da mai layi huɗu na makirfo ba ɗaya ba ne. Sauti ya dawo, kuma yana komawa kunne da kansa idan an soka.

Inda na rage masa maki: bai ba da takardar garanti ba, kuma ramin na hannu ne, ba a san tsawon ransa ba. Ya kuma so ya fara da sake zuba Windows, wanda ba ya gyara ƙarfen da ya lanƙwashe. A tambayi dalili kafin a yarda. Masu amfani da Linux maimakon Windows na da mafitar kyauta: a buɗe manhajar saita sauti ta alsamixer a kashe Auto-Mute Mode, lasifika za ta yi magana ko ramin ya maƙale, illa dai ba za ta yi shiru da kanta ba idan an sa abin kunne.