Littattafan zane kan tarihin mulkin danniya: wanne ya cancanci jikkunanka a Maraɗi?

Wanda zai sa a kawo masa littafi daga Yamai ko daga Kano ta hanyar Ɗan Isa, ya fara da On Tyranny na masanin tarihi Timothy Snyder, bugun 2021 wanda Nora Krug ta yi wa zane. Darussa 20 ne daga Turai ta ƙarni na 20, kowanne gajere, ana iya karanta ɗaya a fada kafin shayi ya tafasa. Na farkon cewa yake kada mutum ya miƙa wuya tun ba a umarce shi ba, kuma ya kafa hujja da Ostiriya a 1938, inda jama'a da yawa suka bi Hitler da kansu. Akwai darasi kan alƙalai, likitoci da lauyoyin Jamus da suka ajiye ƙa'idar aikinsu, wani kan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, wani kan bincika labari kafin a yaɗa shi. Krug ta haɗa zanen hannu mai launi da tsofaffin hotuna, shi ya sa ɗalibin lise da Ingilishinsa bai nuna ba yana iya bin maganar. Fassarar rubutun da Faransanci, De la tyrannie, ta fito a gidan buga littattafai na Gallimard a 2017, sai a ajiye su gefe da gefe.

Maus na Art Spiegelman ya ci kyautar Pulitzer a 1992, amma labarin yadda aka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi ne, ba na yadda ake turjiya ba. Persepolis na Marjane Satrapi, kan Iran bayan 1979, da Faransanci aka rubuta shi, sai dai an zana siffar Ubangiji a ciki. Ba littafin da za ka ajiye a zaure ba ne.

Inda kuɗi ke halaka shi ne wajen jabu. Bugun On Tyranny na 2017 ɗan ƙarami ne mai shiga aljihu, babu zane ko ɗaya, sunansa kuma ɗaya da na bugun mai zane. In ba ka ga sunan Nora Krug a bango ba, ba shi ba ne. Sai na fotokopi: bango mai sheƙi, ciki baƙi da fari, tsofaffin hotunan sun koma tabon gawayi. Buɗe tsakiya, kar ka tsaya a shafin farko. Ƙirga darussan ɗaya bayan ɗaya har 20, don masu ɗaurin gaggawa sukan tsallake shafuka ko su maimaita wasu. Ɗaga takarda ɗaya a rana. In rubutun baya ya ratso har ya dame na gaba, takardar banza ce. Tanƙwara gindin littafin a hankali: gam mai arha yana ƙara kamar busasshen kara, kuma zafin Afrilu kaɗai ya isa ya zubar da shafukan. Lambar ISBN ta baya lambobi 13 ce. Buga ta a intanet ka ga ko sunan da ya fito ya dace.

Masu tallar littafi a WhatsApp kuwa, kar ka tura ko dala sai sun aiko bidiyo suna buɗe shafukan ciki, da sunanka rubuce a takarda kusa da littafin. In ɗan aike ne zai sayo, tura masa hoton bangon, ka ce masa ya biya rabi, sauran sai ya ƙirga darussan.