Kafin ka biya kuɗin kariya daga harin adireshin bogi

Duk mai sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet) ko shafin intanet da ke neman kariya daga harin ambaliya, wato a cika masa layi da tulin saƙonni har ya daina aiki, ya fara tambayar a ina za a tare harin, sannan ya tambayi farashi. Dalilin yana cikin yadda harin yake aiki. Saƙonnin UDP, ɗaya daga cikin hanyoyin aika bayanai a intanet, ba sa tantance wanda ya aiko su. Maharin sai ya lanƙaya adireshinka na IP, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet, a kan 'yar gajeriyar tambaya, ya watsa wa dubban sabobin da aka bari a buɗe, su kuma su juye maka amsoshi masu nauyi. Kamar wani ne ya zagaye 'yan garuwan unguwa kaf, ya ce kowa ya kai ruwa gidanka.

Da haka aka afka wa Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza, a watan Maris na 2013 ta sabobin DNS, masu fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, da kusan gigabit 300 a daƙiƙa. A 2014 aka koma kan umarnin monlist na sabobin agogo, wato NTP, wanda amsarsa kan ninka tambaya sau ɗaruruwa. Ranar 28 ga Fabrairun 2018 kuwa GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, ta sha terabit 1.35 a daƙiƙa (terabit ɗaya gigabit dubu ne) ta hanyar memcached, manhajar adana bayanai na wucin gadi da ninkinta kan kai dubun-dubata. Ba akwatin da ke cikin ginin GitHub ne ya cece ta ba, karkatar da zirga-zirgarta aka yi zuwa cibiyar tacewa ta kamfanin Akamai.

To, na'urar katangar tsaro ta ofis fa, wadda dillalai suka fi son tallatawa? Tana da amfaninta wajen hana kutse da tace ƙananan hare-hare. Amma idan layinka megabit 100 ne aka turo maka gigabit 10, layin ya riga ya cushe tun kafin saƙo ɗaya ya iso bakinta. A ganina, wanda ya saye ta saboda wannan matsala kaɗai ya yi asarar kuɗinsa.

Mai shafin yanar gizo zalla shi ya fi kowa sa'a. Tun 2017 Cloudflare, mai hidimar tsaron shafuka, ke ba da kariyar ambaliya ba tare da ƙidayar girman hari ba, har a tsarinta na kyauta, domin baƙi ta wurinta suke bi kafin su iso gare ka. Sharaɗi biyu ne. Tsarin kyautar zirga-zirgar shafi kawai yake rufewa, bai haɗa da sabar wasiƙu, ta kiran murya ko VPN (keɓantacciyar hanyar sadarwa) ba. Sannan dole adireshin sabarka na asali ya ɓoyu. In ya fallasa ta tsohon bayanin DNS ko ta wasiƙun da shafin ke aikawa, maharin zai tsallake mai gadin ya zo kai tsaye. Gidajen jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam su duba Project Shield na Google, shi ma kyauta ne ga waɗanda aka amince da su.

Idan sabarka haya ce, karanta abin da mai masaukin ya haɗa a ciki. OVHcloud na haɗa kariya da kuɗin haya. AWS ta Amazon na ba duk abokan cinikinta Shield Standard kyauta, wanda ke tare galibin irin wannan hari, shi kuwa Shield Advanced dala 3,000 ne a wata da alkawarin shekara guda. Wannan na bankuna ne da manyan kamfanoni, ba na mai ƙaramin shago ba. Masu cibiyar sadarwa tasu ta kansu su ne ke buƙatar irin hidimomin tacewa na Magic Transit (na Cloudflare) ko Prolexic (na Akamai), kuma yawanci sai kana da tarin adireshi 256 naka.

Inda aka fi yaudarar mai saye shi ne wurin kamfanin da ke ba shi layi. Da yawa za su ce “muna da kariya”, alhali abin da suke nufi shi ne idan hari ya zo za su toshe adireshinka gaba ɗaya don sauran abokan cinikinsu su tsira. Kai dai ka sauka daga intanet, buƙatar maharin ta biya. Ka sa su rubuta maka a yarjejeniya: tacewa suke yi ko toshewa, har zuwa gigabit nawa, cikin minti nawa, kuma wa ake kira da tsakar dare. Ka ƙara da tambayar ko suna aiki da BCP 38, ƙa'idar shekarar 2000 da ke hana saƙo mai adireshin bogi fita daga layinsu. Ba kai take karewa kai tsaye ba, amma amsar za ta nuna maka ko injiniyoyinsu sun san aikinsu.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Masu na'urorin rarraba intanet na MikroTik, waɗanda suka cika ofisoshi da ƙananan kamfanonin intanet a Najeriya, su lura: kunna allow-remote-requests, saitin da ke sa na'urar amsa tambayoyin DNS, ba tare da toshe ƙofa ta 53, wato ta DNS, daga waje ba yana mai da na'urar makamin jifan wasu, kuma layinka ne ke ɗaukar nauyin. A toshe ta, a toshe 11211 ta memcached, a sabunta NTP, a kunna rp-filter, saitin da ke tace saƙo mai adireshin bogi.