Fallingwater: gidan da kunne ke riga ido gani

Na daɗe ina aikin gini, kuma duk wanda ya taɓa zuba kankaren bene ya san yadda gaba ke faɗuwa ranar da za a cire katako. Shi ya sa tun da na ga hoton Fallingwater, da barandojinsa na kankare da suka miƙe a sama babu ginshiƙi a ƙarƙashinsu, na ƙudurta sai na taka su da ƙafata. Allah ya nufa na je. Gidan yana cikin daji a jihar Pennsylvania ta Amurka, kimanin mil 70 daga Pittsburgh. Tun kafin ranar na kama gurbi ta intanet, kuma haka nake ba kowa shawara.

Rukuni-rukuni ake shiga, da mai rakiya. Tamu dattijuwa ce mai sanyin murya, kuma da masu gidan ta fara, ba da ginin ba. Edgar Kaufmann attajiri ne mai katafaren kanti a Pittsburgh, a zamanin da hayaƙin masana'antun ƙarfe ya turnuƙe birnin. Shi da matarsa Liliane sukan gudo bakin rafin Bear Run su sha iska. Ɗansu, Edgar ƙarami, ya yi zaman koyo wajen shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright a 1934, sai a 1935 Wright ya zana musu gidan hutu, yana da shekara 68. Iyalin sun ɗauka za a gina shi ne a inda za su riƙa kallon ruwan yana zubowa daga kan dutse. Shi kuwa sai ya ɗora gidan a kan ruwan kacokan.

Ban gane girman wannan ba sai da na shiga falo. Ba ka ganin zubar ruwan, jin sa kake yi, a kowane ɗaki, ba dare ba rana. Akwai wata ƙofar gilashi a falon da ake turawa, matakala ta sauka kai tsaye zuwa rafin, sanyi ya taso ya buge ka a fuska. Daɓen na duwatsun wurin ne, an goge su suna sheƙi kamar jiƙaƙƙu. A gaban murhu kuma ga wani ƙaton dutse ya ɓullo ta cikin daɓen, a inda Allah ya ajiye shi, ba a fasa shi ba. A kansa iyalin ke zama tun kafin a yi gidan. Nan na fi daɗewa a tsaye. Wallahi da ni aka ba aikin, da tuni na sa an daidaita shi, kuma da na yi asara.

Ɗakunan kwana ƙanana ne, silin a ƙasa, lungunan matsattsu. Dogon mutum zai ji a takure. Da gangan aka yi, don a tura ka waje kan baranda. Na fahimci dabarar, amma ban ce zan so kwana a ciki ba.

Abin da ya ƙara mini girmama mai rakiyar shi ne da na tambaye ta batun barandojin, ba ta yi kwana-kwana ba. Tun ana ginin, injiniyoyin da Kaufmann ya tuntuɓa suka ce rodin da ke cikin zanen bai isa ba. Wright ya fusata. An ƙara rodi, duk da haka ana cire katako kankaren ya fara sunkuyawa, kuma ya ci gaba shekara da shekaru har wani gefen ya sauka kusan inci 7. Sai a 2002 aka ɗaga daɓen falon, aka zura igiyoyin ƙarfe a jikin bim ɗin, wato manyan sandunan kankaren da ke ɗauke da daɓen, aka ɗaure su tamau, sannan aka mayar da kowane dutse mazauninsa. Ga yoyo, ga danshi. A wannan gardamar injiniyoyin ne ke da gaskiya, kuma na ji daɗi da aka faɗe ta a cikin gidan, ba a rufe ba.

An gama babban gidan a 1937, ɓangaren baƙi a 1939, kuɗin ya kai kimanin dala 155,000. Liliane ta rasu a 1952, mijinta a 1955. A 1963 ɗan ya miƙa gidan da dajinsa ga ƙungiyar kare muhalli ta Western Pennsylvania Conservancy, da kujerunsa da littattafansa, aka buɗe wa jama'a a 1964. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.

In ka je, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, don matakalun da yawa. Kuma kada ka kama hanya da an fito. Akwai 'yar turba da ke gangarawa ƙasan rafin, inda ake ɗaukar shahararren hoton nan. Daga can ne na fara ganin ruwan da na yi awa guda ina saurare, yana kwararowa daga ƙarƙashin falon da na baro.