Shagon kayan ikilisiya a Sabon Tasha: abin da mai hidima zai tarar

Duk wanda aka ɗora wa aiki a ikilisiya, ko ma'aji ne, ko malamin makarantar Lahadi, ko shugabar zumuntar mata, ya san cewa rabin hidimar sayayya ce, kuma yawanci sai ranar Asabar da yamma ake tunawa da abin da ya ƙare. Saboda irin waɗannan mutane nake wannan bayani a kan wani shagon kayan ikilisiya da ke Sabon Tasha a Kaduna, ba nisa da titin Kachia, wanda nake hulɗa da shi a matsayina na sakatariyar zumuntar matan majami'armu.

Shagon ba shi da girma, amma matar da ke riƙe da shi ta san tsarin shekarar ikilisiya kamar yadda dattawan majami'a suka san shi, kuma wannan ne ya bambanta ta da masu sayar da littattafai a kasuwa. Kafin makon mata ko taron farkaswa ya ƙarato ta riga ta tanadi abin da za a nema. Akwai ambulan na zakka da baiko, da katin shaidar baftisma, da ƙananan kofunan Jibin Ubangiji tare da farantinsu mai ramuka, kuma idan ka ambaci ɗariƙarka, ko ECWA ce, ko Baptist, ko HEKAN wadda hedkwatarta ke nan Kaduna, ba za ta miƙo maka kayan wata ɗariƙa ba.

Ta fuskar littattafai ba ni da ƙorafi. Tana ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1979 da yawancin majami'unmu ke karantawa a sujada, kuma ta san cewa wasu tsofaffi har yanzu tsohuwar fassarar 1932 ce ke bakinsu, domin da ita suka haddace ayoyi tun suna yara. Shawarata ga mai saya wa ajin baftisma ko makarantar Lahadi ita ce ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai bango mai ƙarfi, saboda mai bangon takarda ba ya jure hannun yara da damina.

Inda shagon ya fi burge ni shi ne kayan kiɗan zumuntar mata. Tulu, wanda ake bugun bakinsa da soso, shi ne ke riƙe da waƙarmu gaba ɗaya, kuma ba kowane tulu ne ke da murya ba. Wanda bai gasu sosai ba yakan yi sauti maras zurfi, wanda kuma ke da tsagewar da ido ba ya gani yakan fashe a tsakiyar taro. Mai shagon tana barin mai saye ya zauna ya buga kowane ɗaya har ya sami wanda ya dace da muryar mawaƙansa, ba tare da ta nuna gajiya ba. Ta taɓa ce mini, "Mama sakatariya, kada ki ɗauki wannan, kyan gani kawai gare shi," alhali shi ne mafi tsada a cikinsu. Caki da kuge da take sayarwa su ma masu inganci ne, ko da yake zaɓin ba shi da yawa.

Matsalar tana wajen ɗinkin anko. Shagon yana karɓar aikin rigunan zumunta da na ƙungiyar mawaƙa, ya ba teloli na waje, kuma a nan ne alkawari ke karyewa. Mun ba da kafin alƙalami da wuri domin wani taron gunduma, amma sai ana gobe tafiya aka kawo kayan, wasu rigunan ma ba a bi awon da aka ɗauka ba, har mata biyu suka kwana suna gyara da allura. An ba mu haƙuri, an kuma rage wani abu daga kuɗin, sai dai wadda ta tara kuɗin mata hamsin ita ce ke amsa tambayoyi a gabansu, ba tela ba. Daga watan Nuwamba zuwa Kirsimeti ba zan shawarci kowa ya kai ɗinki can ba.

Abu na biyu shi ne ba a rubuta farashi a jikin kaya, rasit kuma sai ka nema kafin a ba ka. Ga mai sayen abin kansa wannan ƙaramin abu ne, amma kuɗin ikilisiya amana ce da ake karanta rahotonta a gaban jama'a, saboda haka ya kamata duk wanda aka aika ya tsaya a rubuta masa kowane kaya da kuɗinsa, a buga hatimi. Shagon ba ya buɗewa ranar Lahadi, ranar Asabar da yamma kuma yana cika da mutane, don haka mai son gwada tulu a natse gara ya je da safe a tsakiyar mako.