Mu muka biya shi, shi ya hana mu zuba kankare

Yayana ya tashi ƙara ɗakin girki a bayan gidansa a Birmingham ta Ingila. Leburori sun gama haƙa fandisho, motar kankare tana hanya, sai ga mai duba gini. Ya dira cikin ramin, ya damƙo ƙasa ya murza, ya ɗaga kai ya kalli bishiyar maƙwabci, ya ce a ƙara zurfi. Wai ƙasar yumɓu ce, saiwa za ta zuƙe ruwanta ta tsuke, bango ya tsage. Haka motar ta juya, kuɗinta ya bi ruwa.

Abin da ya ɗaure min kai, mutumin nan ba na gwamnati ba ne. Ma'aikacin kamfani ne, mu muka zaɓo shi, mu muka biya. Tun dokar gini ta 1984 Ingila ta buɗe wannan ƙofa: ko ka je ƙaramar hukuma, ko ka ɗauki kamfani mai rajista ya sanar da ita kafin a sa diga. A gida Najeriya da tuni an ja shi gefe an damƙa masa na goro. Shi ko shayin da aka miƙa masa bai tsaya sha ba.

Ba waliyyi ba ne, akwai mai tsaronsa. Bayan gobarar benen Grenfell da ke Landan a 2017 da ta ci mutum 72, an yi sabuwar doka a 2022. Daga 2024 kowane mai duba gini sai ya nuna ƙwarewarsa, ya yi rajista da hukumar tsaron gine-gine, in ya yi wasa a soke sunansa. Gidan kwana da ya kai hawa 7 ko tsayin mita 18 kuwa, mai shi ba ya zaɓen mai duba masa, hukumar ce da kanta.

Ga takaici fa. Mutumin namu ya dawo duba magudanar ruwa, ya dawo duba rufi, kullum sai an jira shi, fam yana ta zuba. Ba takardarsa ta ƙarshe, ranar sayar da gida lauyan mai saye zai tsayar da kai. Wallahi na yi kewar birkilan unguwarmu, da tuni ya kai linta.

Sai dai shi wannan birkilan ne muke cewa ya rage rodi, ya ja buhun siminti ya yi bulo fiye da kima, ya ɗora bene a kan fandishon gidan ƙasa. Benen titin Beirut ya rufta a Kano a 2022, makaranta ta rufta kan ɗalibai a Jos a 2024, muka yi jaje, muka ce ƙaddara, washegari aka ci gaba da kwaɓa siminti.